Aro, ɗinki ko ƙunshi: yadda za ka haɗa manhajarka da laburare

Duk wanda ya taɓa rubuta wa 'yan kasuwar riɗi ta Gadarif manhajar lissafi ya san wannan kiran: "Malam, abin nan fa ya ƙi buɗewa." A kwamfutarka lafiya lau, a ta Alhaji kuwa sai ta ce ba ta ga libssl.so.1.1 ba, wato wani laburare, shiryayyen ɓangaren manhaja da taka ke dogara da shi. Shi ya sa kafin ka zaɓi hanyar haɗi, fara leƙa injin da za a ɗora aikin a kai.

Hanyar da aka fi sabawa da ita a Linux ita ce aro. Manhaja ta fito 'yar ƙarama, lokacin tashi ta nemi fayilolin laburare, masu ƙarewa da .so, da ke kan injin. Amfaninta babba ne: da aka gano ɓarakar tsaro ta Heartbleed a OpenSSL, laburaren da ke ɓoye bayanai a intanet, a 2014, masu aro laburaren kawai suka sabunta, kowa ya warke. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ta koma OpenSSL 3, tsohuwar manhajar da ke jiran 1.1 ta tsaya cak. Haka glibc, babban laburaren C na Linux: ka gina a kan 2.35, ka kai wa mai Ubuntu 20.04 da ke da 2.31, ba mamaki ta ƙi tashi. Umarnin ldd zai nuna maka abin da ya ɓata.

Ɗinki kuwa shi ne a cusa laburaren cikin manhajar, ta zama fayil guda. Inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, kamar tsakanin Kasala da Mairuno, ni wannan nake fifitawa ga ƙananan ayyuka, a saka a filashi a miƙa. Yaren rubuta manhaja na Go ya sauƙaƙa shi ƙwarai. Mai rubutu da yaren C ya nemi musl, madadin glibc, don glibc ba ta son ɗinki, musamman wajen neman adireshin shafuka. Kuɗin da za ka biya shi ne, duk ɓarakar da ta fito kai za ka sake gini, ka bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya. Lasisi ma a duba, laburare mai lasisin LGPL irin Qt, na gina tagogin manhaja, yana buƙatar a bar wa mai amfani damar musanya shi, ɗinki kuma na wahalar da hakan.

Saura ƙunshi, wato a naɗe manhajar da laburarenta wuri guda. Manyan hanyoyinsa su ne Flatpak, Docker da AppImage. Flatpak na da tsafta, amma zubin farko sai ya sauke ɗaruruwan megabait, wanda ke sayen data da kuɗin cefane ba zai gode maka ba. Docker na uwar garke (server) ne, ban ga abin da zai kai shi shagon hatsi ba. Idan manhajar mai tagogi ce, AppImage ya fi: fayil ɗaya, ba sai an girka ba. Ka gina shi a kan tsohon Linux mafi tsufa da kwastomominka ke riƙe da shi, ka kuma haɗa libfuse2, laburaren da AppImage ke nema, a filashin, don sababbin Ubuntu ba sa zuwa da shi.