Wasiƙa daga Landan: maganin ƙanjamau a nan da a gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da yara.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne a nan sai mai takardar zama ake ba maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Ba haka ba ne. Tun Oktoban 2012 gwaji da magani kyauta ne a Ingila ga kowa, ko bizarsa ta ƙare, ko yana jiran amsar neman mafaka. A asibitin cututtukan saduwa ma ba dole ne ka faɗi sunanka na gaskiya ba.

Ƙwayar maganin kanta ba baƙuwa ba ce. Dolutegravir ɗin da ake rabawa kyauta a asibitocin Kano, ana shan sa a nan. Bambancin yana ga hidimar da ke tare da ita. A gida magani kyauta ne, amma kuɗin mota da na kati da wasu gwaje-gwajen jini suna kan mara lafiya, ga layi tun asuba. A nan ta intanet kake neman kayan gwaji, a aiko maka har gida cikin ambulan marar tambari, sakamako ya zo ta waya. Wanda ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, in likita ya amince, akwai allurar da ake yi duk wata biyu. Tun 2022 kuma, duk baligin da aka ɗebi jininsa a sashen gaggawa na asibitocin Landan ana haɗawa da wannan gwajin, sai in ya ce ba ya so.

Abin da ke damuna, Yaya, mutanenmu ne. Baƙar fata 'yan Afirka na cikin waɗanda aka fi gano cutar a jikinsu a makare, bayan ta ci garkuwa. Ba rashin asibiti ba ne. Mutum na tsoron ya haɗu da ɗan garinsu a ɗakin jira, labari ya riga shi isa gida ta WhatsApp. Wani sai ya tsallake asibitin unguwarsu, irin su Peckham, ya tafi can wani gefen gari, wani kuwa ya yi zamansa da rubutu da addu'a kawai. Addu'a ba ta hana shan magani. Ƙungiyoyi irin su NAZ da Terrence Higgins Trust na ta faɗakarwa cewa wanda ke shan magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa. Da yawa cikinmu har yau ba su ji wannan ba.

Wanda ka ce yana shirin tahowa karatu, ka ce masa ya riƙo takardar likitansa da maganin da zai ishe shi na ɗan lokaci, kuma yana sauka ya je asibiti a buɗe masa fayil kafin na hannunsa ya ƙare.