Adaftar wayar sadarwa ta kwamfuta mai gudun gigabit 2.5: abin da na gani da na yi aiki da ita

Sana'ata haɗa bidiyon biki da taro ce a Kano, kuma duk wanda ke wannan harka ya san rabin wahalar a wajen kwashe fayil take. Kyamara biyu ko uku a biki ɗaya, ga kamu, ga ɗaurin aure, ga dina, ga buɗar kai, kafin ka ankara gigabait ɗari ko ɗari biyu sun taru. A juye su a laftof, sannan a tura wa babbar kwamfutar da ake tace aiki a kanta. Laftof ɗin yanzu kuwa, saboda son sirantaka, yawancinsu an cire musu kafar wayar sadarwa, an bar mutum da Wi-Fi kaɗai. Dalilin da ya sa ke nan na sayi adaftar USB mai gudun gigabit 2.5, wadda ke ba laftof kafar wayar sadarwa, na haɗa da kati irinta da ake sokawa a cikin babbar kwamfuta. Na daɗe ina aiki da su yanzu, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai ba kowa zan ce ya saya ba.

Adaftar da na ɗauka mai jikin alminiyam ce, bakinta USB-C, kuma cif ɗin da ke cikinta, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, Realtek RTL8156B ne. Katin babbar kwamfutar shi kuma RTL8125 ne a cikinsa, yana shiga ƙaramar kafar PCIe da kusan kowace kwamfutar tebur take da ita. Na ambaci cif ɗin kafin komai domin shi ne kayan. Sunan da ke jikin kwali ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma in ka buɗe yawancin masu arahar nan, cif ɗaya za ka tarar. Lokacin da na saya, a kasuwannin intanet irin wannan adafta tana kamawa daga dala 20 zuwa 30, katin ma haka ko ƙasa da haka. A naira kuwa sai yadda canji ya kwana.

Gudun da nake samu shi ne abin da ya fi faranta mini rai. Tsohuwar hanyar gigabit ɗaya, wadda aka tsara tun 1999, a aikace ba ta wuce megabit 940 a daƙiƙa, wato kusan megabait 112 na fayil a daƙiƙa. Fayil mai gigabait 100 zai ci kimanin minti 15. Da wannan adaftar ina ganin megabait 270 zuwa 280, aikin da ke ƙarewa a cikin minti shida ko bakwai. Wani zai ce ai minti takwas ne kawai bambancin. To, a ranar da ake da biki uku, ango yana ta kiran waya, batirin inbata yana ja da baya, minti takwas ɗin nan sau da yawa shi ne tsakanin a gama da a kwana ba a gama ba. Wi-Fi kuwa ban ma sa shi a lissafi ba, domin a shagon da ke tsakiyar plaza, inda kowane maƙwabci yake da nasa rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, gudunsa hawa da sauka yake yi yadda ya ga dama.

Abin da ya sa wannan mizani na gigabit 2.5 ya dace da talaka shi ne wayarsa. Hukumar IEEE, mai tsara mizanin irin waɗannan kayan, ta amince da shi a 2016, kuma tun asali an tsara shi ne ya bi ta wayar sadarwa ta yau da kullum, Cat5e, da mutane suka riga suka shimfiɗa, har tsawon mita 100. Ban canza wayar shago ba, ban fasa bango ba. Ban ma sayi suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutoci da yawa da waya, ba da farko. Waya ɗaya na ja daga laftof zuwa babbar kwamfuta kai tsaye, na ba kowacce lambar IP, wato adireshinta a kan layin, da hannu, suka ga juna. Kayan yanzu su ke gane yadda aka jera wayoyin da kansu, ba a buƙatar wayar nan ta musamman mai juyayyen kai da ake nema a da. Ga mai kwamfuta biyu kacal, wannan ya wadatar.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, domin na ga mutane da dama suna shirin zubar da kuɗinsu. Wannan adafta ba ta ƙara gudun intanet. Wani abokin sana'a ya zo ya ga yadda fayil ke gudu a wurina, ya ce zai saya domin ɗora bidiyo a YouTube yana yi masa nawa. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa. In layin da ke shigo maka megabit 30 ko 50 yake kawowa, ko da ka sa adaftar gigabit goma, 30 ko 50 ɗin nan za ka gani. Faɗin bututu ba ya ƙara ruwan da ke cikin tanki. Ko masu Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam da ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, gudun da suke samu bai cika gigabit ɗaya ba, ballantana biyu da rabi. Wanda damuwarsa intanet ce kawai, adaftar gigabit ɗaya mai cif RTL8153 ko ASIX AX88179 ta ishe shi har da saura, kuma ta fi araha. TP-Link UE300 misali ce, RTL8153 ne a cikinta, ana samunta a shagunan kayan kwamfuta. Amfanin da zai gani shi ne layi ya zauna daram, ya daina yankewa a tsakiyar taron bidiyo ko jarrabawa.

Haka nan sai abin da ke ajiye fayil ɗin ya iya gudun. Tsohon faifan ajiya mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 150 zuwa 200, in ma fayilolin ƙanana ne masu yawa sai ya faɗi ƙasa da haka nesa. SSD mai SATA, wato ma'ajiyar zamani marar juyawa, tana kai wa wajen 550, ita ce ke barin adaftar ta nuna kanta. Kuma in akwai rauta ko suwic a tsakani mai kafar gigabit ɗaya, duk layin a gigabit ɗaya zai tsaya.

Maganar jabu kuwa, a nan na fi jin zafi, domin masu ƙaramin ƙarfi ake cuta. Araha ba ta ado. Akwai adaftoci barjak a kasuwa da aka shafa wa bakinsu shuɗin launi don a ɗauka USB 3.0 ne, a kwali an rubuta gigabit da manyan baƙaƙe, alhali cikinsu na megabit 100 ne, wasu ma ko hakan ba sa kaiwa. USB 2.0 iyakarta megabit 480, saboda haka babu yadda za a yi ta ɗauki gigabit, komai aka rubuta a kwali. Gane su ba wuya. Ka haska fitilar waya a cikin bakin: USB 3.0 ta gaskiya, mai babban bakin nan na da (USB-A), tana da haƙora tara, huɗu a gaba, biyar a can ciki. Ta jabu huɗu kawai gare ta. Sannan ka tafi da laftof ɗinka shagon, ka soka a gaban mai kaya. In an haɗa ta da wayar sadarwa, Windows za ta nuna maka gudun da layin ya kama a saitin sadarwa, 100 ne ko 1000 ko 2500. In ka leƙa lambar shaidar na'urar (Hardware ID) a Windows, Realtek tana farawa da 0BDA, sai 8152 ga mai megabit 100, 8153 ga mai gigabit, 8156 ga mai biyu da rabi. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka gwadawa ba. Wanda ya fara ce maka ai sabuwa ce, ba a buɗewa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Waya ma tana da nata jabun. Gigabit da abin da ya fi shi suna amfani da duk zare takwas da ke cikin waya, megabit 100 kuwa huɗu kawai yake buƙata. Shi ya sa in zare ɗaya bai kamu da kyau ba a wajen matse kai, sau da yawa layin ba ya mutuwa, sai dai ya koma 100 shiru, mutum ya yi ta zargin adafta. Akwai kuma wayar alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wadda ake sayarwa da sunan Cat6 a farashi mai daɗi. A gajeren zango takan yi aiki, a dogon zango sai ta fara ba da matsala, kuma karyewa take yi da wuri. Ka kankare zare ɗaya da reza. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ce.

Abu biyu ne mai saye ya kamata ya sani game da halin irin waɗannan adaftoci. Suna ɗaukar zafi in an daɗe ana tura kaya, domin gudun yana cin wuta, kuma jikin alminiyam aikinsa ke nan, ya fitar da zafin waje. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba na barinta a ƙarƙashin takardu ko a kan katifa, kuma ba zan ba kowa shawarar mai jikin roba ba. Na biyu, laftof takan rage wa kafar USB wuta don tattalin batir, abin da kan sa layi ya ɗauke na ɗan lokaci. Kashe wannan tattalin a saitin wuta, da sauke sabon direba, manhajar da ke sa kwamfuta ta sarrafa adaftar, daga shafin masu cif ɗin, su ne abin da nake fara yi wa duk kwamfutar da zan soka mata ita.

Wasu sun tambaye ni me ya hana ni tsallakawa zuwa gigabit goma, tun da ana samun tsofaffin katunan manyan kwamfutocin kamfanoni, irin su Intel X520 da Mellanox ConnectX-3, da araha a hannun masu kayan gwanjo. Katunan suna da kyau ƙwarai, ban raina su ba. Amma an yi su ne don ɗakuna masu sanyi da iska mai kaɗawa, yawanci kafarsu wata iri ce, SFP+, mai buƙatar wayarta ta daban, ba sa shiga laftof, kuma SSD mai SATA ba za ta iya ciyar da su ba. Ga situdiyo mai editoci huɗu ko biyar da ke jan aiki daga ma'ajiya ɗaya, lissafin zai iya fita. Ga shago irin nawa mai dogaro da sola, bai fita ba.

Wanda zai ja waya daga wani gini zuwa wani ta sararin sama, ya tuna da damina. Tsawa ba sai ta faɗo a kan wayar ba take ƙona kafa, faɗuwarta a kusa ma ta isa. In hadari ya haɗo, a zare wayar daga kwamfuta tun kafin ruwa ya sauko.