Filtar Toyota ta asali ko Sakura: wadda zan ɗaura wa Corolla 2006

Malam, tsakanin filtar man juye ta Toyota da ta Sakura da aka nuna maka domin Corolla 2006 ɗinka, ka sayi ta Toyota, amma da sharaɗin ka tabbatar cewa ta asalin ce, ba kwalinta kaɗai ba. Idan wannan tabbacin bai samu ba, to Sakura ta gaskiya ta fi Toyota ta jabu nesa ba kusa ba.

Tawa Corolla 2005 ce, kuma injinmu ɗaya da naka, wato 1ZZ-FE mai lita 1.8. Tun da na saye ta filtar Toyota nake ɗaura mata, kuma motar ba ta zaman gida, domin aikina yana kai ni Dukku da Bajoga da sauran garuruwan jihar Gombe cikin ƙura da rana. A wata bazara, tsakiyar zafin Afrilu, na yi tafiyar Yola ta Billiri da Kaltungo da Cham har Numan, a lokacin da hanyar ta lalace ƙwarai, inda mutum zai daɗe a giya ta biyu yana bin bayan tirela, inji yana ta ɗaukar zafi. Da na dawo Gombe lokacin juye ya yi, sai bakanikena, wanda dattijo ne mai son ya nuna wa mai mota abin da yake biya wa kuɗi, ya sa yaronsa ya yanka gwangwanin filtar a gabana. Takardar ciki ta yi baƙi ƙirin kamar yadda ya kamata, amma ninkinta suna nan a jere, babu wanda ya yage ko ya manne da ɗan'uwansa, gam ɗin da ya riƙe ta bai saki ba, robar bakinta kuma tana nan da laushinta. Sai ya ɗauko wata da aka cire daga motar wani mutum a safiyar ranar, marar sunan kamfanin da aka sani, ita ma aka yanka. Takardarta ba ta kai rabin yawan tawa ba, ta lotse ta rungume bututun tsakiya, kuma a gindinta akwai tsagar da ɗan yatsa zai iya shiga. Duk man da ya bi ta wannan tsagar ya koma cikin inji da dattinsa, alhali mai motar yana ganin yana da filta. Daga baya, da aka buɗe murfin saman injina domin canza gaskit, cikinsa fes yake, launin zuma, babu daskararren baƙin mai ko kaɗan. Yin juye a kan lokaci yana da babban kaso a wannan, amma filtar ma ta yi nata aikin, kuma tun daga nan ban ƙara tunanin canza ta ba.

Dalilin da ya sa abin da ke cikin gwangwanin yake da muhimmanci shi ne yadda man yake zagayawa. Famfon mai yana zuƙo shi daga ƙasan inji, ya tura shi ta ƙananan ramukan da ke kewaye da bakin filta, ya ratsa takardar daga waje zuwa ciki, sannan ya fita ta babban ramin tsakiya zuwa metal, wato faifan ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kansa, da shi karanshaf ɗin da kamshaf. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin silin gashi ba, wanda yake kusan maikiron 70 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma ƙwayoyin dattin da suka fi cinye ƙarfe su ne masu girman maikiron 10 zuwa 20, waɗanda ido ba ya gani. Aikin takardar kamar na matacin koko ne: idan saƙarsa ta yi sako-sako dusa za ta wuce, idan kuma ta matse fiye da kima gasarar ba za ta sauka ba. Kamfanin da ya san aikinsa yana auna wannan daidai da ƙarfin famfon injin, kuma yana sa takarda mai yawa domin ta ɗauki datti har lokacin juye na gaba ba tare da ta toshe ba.

Bayan takarda akwai bawul guda biyu da ba a ganinsu sosai daga waje, kuma a nan ne masu araha suke rage kuɗi. Na farko shi ne mai siferin, wanda yake buɗewa idan takarda ta toshe ko man ya yi kauri, domin mai ya wuce kai tsaye kada inji ya bushe. Idan siferin ya yi taushi, bawul ɗin zai riƙa buɗewa tun ba a kai ga haka ba, mai ya riƙa wucewa ba tata. Idan ya yi tauri kuma, inji zai rasa isasshen mai da sanyin safiyar hunturu, musamman ga masu zuba 20W-50 alhali littafin motar 5W-30 ya ce. Na biyu robar nan ce da ake hangowa ta ƙananan ramukan, wadda take hana mai zurarewa ya koma ƙasa idan an kashe mota. Idan zafi ya ƙona ta ta yi tauri, da safe za ka ji inji yana ƙara-ƙara na ɗan lokaci, fitilar mai mai alamar buta kuma ta ɗan jima kafin ta mutu, kuma a cikin waɗannan daƙiƙoƙin ƙarfe yana gugar ƙarfe. Jar roba ta silikon ta fi baƙa jure zafi, amma baƙar ma, idan daga kamfanin kirki ta fito, tana kaiwa juye na gaba lafiya.

Injinka yana da ƙarin dalili, domin yana da VVT-i, tsarin da yake daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji, wanda da matsin man juye yake aiki, kuma yana da wata 'yar rariya da bawul waɗanda datti kaɗan yake toshewa. Idan suka toshe, mota za ta rage ƙarfi, ta riƙa rawa a tsaye, fitilar inji ta kama, a yi ta canje-canjen fulogi a banza.

Ita kuwa Sakura, ta wani kamfanin Indunusiya ce da ya daɗe yana yin filta, kuma filta ce, tana tace mai. Idan juye ya kama ka a Biu ko Darazo babu ta Toyota da ka yarda da ita, ka ɗaura ta. Mann da Mahle da Bosch na Jamus su ma sunaye ne masu daraja, sai dai ni na fi ganin dacewarsu da Golf da Vectra da Sharon, kamar yadda Purflux ta Faransa ta dace da masu 406. Ga Corolla, yawancin filtocin Toyota kamfanin Denso ne yake yi, da ma'aunin da injin yake buƙata, kuma bambancin kuɗin da ke tsakaninsu da Sakura bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da kuɗin man juye kusan lita huɗu da za ka zuba, balle kuɗin gyaran injin da ya buga.

Lambar ta Toyota mai gwangwani tana farawa da 90915, kuma wa irin injinmu za ka ga 90915-YZZF2 ko 90915-YZZE1, gwargwadon kasuwar da aka yi wa kayan. Corolla ta Amurka mai lita 1.8 ta 2009 da ta wasu shekaru bayanta tana amfani da takarda zalla da ake sawa cikin mazubi, mai lamba 04152-YZZA6, don haka kada a haɗa maka su. Kada kuma ka yarda da maganar “ai duk ɗaya ne, tana shiga”. Tiredin filtar Honda, wato zaren ramin tsakiya da ake murza ta da shi, M20 ne, na Toyota kuwa inci uku bisa huɗu, kuma saboda kusancinsu ta Honda takan hau kan ta Toyota sako-sako, har ta yi kamar ta ɗauru, sai mota ta ɗauki gudu matsin mai ya tunkuɗe ta.

Ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in ja kunnenka game da wasu masu sayarwa, domin babu filtar da aka fi yi wa jabu a kasuwanninmu kamar ta Toyota. Akwai masu gaskiya da yawa, waɗanda za su ce maka “wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu” su bar ka ka zaɓa. Akwai kuma wanda zai miƙo maka ta biyun a kwalin ta ɗaya, ya rantse, ya karɓi kuɗin ta asali. Ka buɗe kwalin a gabansa. Ta asali tana zuwa da siririyar leda a manne a bakinta, zoben robarta kuma da ɗan maiƙo a jiki, sai dai masu jabu sun koyi sa ledar, saboda haka ita kaɗai ba hujja ba ce. Ka duba rubutun jikin gwangwanin ko ya fita tsaf ko ya yi dishi-dishi, ka haska fitilar waya cikin ramin tsakiya ka ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe ko tsatsa ko gam da ya zubo, ka girgiza ta kusa da kunne, domin filta mai kyau ba ta ƙara, sannan ka ja zoben robar da farce ka ga ko zai fita cikin sauƙi. Idan kuɗin “orijina” ya zo kusa da na marar suna, ka ajiye ta, araha ba ta ado. Har ila yau akwai masu wanke tsohuwar filta da fetur su fesa mata fenti, akwai kuma garejin da za a goge tsohuwar da tsumma a bar ta a jiki a ce an canza. Maganin wannan shi ne ka sayo da hannunka, kada ka aiki yaron gareji, ka tsaya a ɗaura a gabanka, ka kuma karɓi tsohuwar.

Wajen ɗaurawa, ka sa a duba kada tsohon zoben roba ya maƙale a jikin inji a ɗora sabo a kansa, domin roba biyu ba ta riƙe matsi, mai zai tsiyaye a hanya. A shafa wa sabon zoben ɗan mai idan a bushe yake, a murza da hannu har ya taɓa jikin inji, sannan a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya, ba sai an sa sifana an matse ta ba. Bayan an tayar da mota a leƙa ƙasa a tabbatar babu ɗiga.

Idan kana da mai zuwa Abuja ko Legas, ka ba shi saƙo ya sayo maka guda uku ko huɗu daga dillalin Toyota na hukuma, da rasit, ka ajiye a gida cikin kwalinsu inda ƙura ba za ta shiga ba. Da irin ƙurarmu da zafinmu, ka riƙa canza ta tare da man a kowane kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.