Barnes TTSX mai giren 130: harsashi marar nauyi don farautar barewa

Maharba da yawa sun saba ɗura wa bindigar .308 Winchester kan harsashi mai giren 150 ko 165 idan za su fita neman barewa, saboda haka duk wanda ya ce musu a sauko zuwa giren 130, wato kimanin giram takwas da rabi, sai su yi masa kallon wanda bai san dawa ba. A ganina, kan harsashi mai suna TTSX na kamfanin Barnes da ke jihar Yuta a Amurka ya isa ya sa su sake tunani, muddin an san iyakarsa.

Sirrinsa yana cikin abin da aka ƙera shi da shi. Babu dalma a cikinsa ko kaɗan, jan ƙarfe ne zalla, sai ɗan tsinin roba shuɗi a bakinsa wanda yake danna ramin da ke ƙarƙashinsa da zarar ya taɓa fata. Daga nan bakin yakan tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya, gindin kuma ya ci gaba da kutsawa ba tare da ya farfashe ba. Harsashin dalma marar nauyi, idan ya daki ƙashin kafaɗa da gudu, yakan zubar da wani kaso na jikinsa a cikin nama, shi ya sa aka daɗe ana ba da shawarar a ƙara nauyi. Wannan kuwa kusan duk nauyinsa yake riƙewa, kuma galibi yakan fita ta ɗaya gefen ya bar jinin da za a bi sawu. Mai fiɗa zai ga bambancin da idonsa: rami ɗaya miƙaƙƙe ta cikin huhu, babu ɓarɓashin dalma a kewaye. Ga masu farauta a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, amfani da harsashi marar dalma ba zaɓi ba ne, dole ne.

Rashin nauyin yana rage dukan da bindiga take yi wa kafaɗa, kuma yana ba da gudun da ya haura ƙafa 3,000 a sakan ɗaya. Gudun nan ba ado ba ne, domin jan ƙarfe ya fi dalma tauri, kuma idan gudunsa ya sauko kusa da ƙafa 2,000 a sakan, buɗewarsa takan ragu sosai. A nan ne aibinsa yake: harsashi marar nauyi yana saurin rasa gudu, iska kuma tana kaɗa shi fiye da mai nauyi, don haka ba zan ba mai harbi daga nesa mai tsanani shawarar ya dogara da shi ba.

Mai ɗura harsashinsa da hannu yana da abin lura. Da yake jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, kan ya fi na dalma mai nauyi ɗaya tsawo, yana kuma cin wuri a cikin kwanson da ake zuba albarushi, saboda haka kuskure ne babba a ɗauki ma'aunin albarushin wani harsashi a ɗora masa. A bi littafin ma'aunin albarushi na Barnes, a fara daga ma'auni mafi ƙanƙanta, a riƙa duba kwanso bayan kowane harbi. Kamfanin yana ba da shawarar a fara da barin tazarar inci 0.050 tsakanin kan da farkon layukan cikin bututun bindiga, kuma a wanke bututun tas kafin gwaji, domin ragowar wani harsashi takan ɓata saiti.

Ya fi harsashin dalma na yau da kullum tsada, kuma mai yawan atisaye zai ji a aljihunsa. Dabarar ita ce a yi atisaye da mai araha, a tabbatar da saiti da Barnes kafin lokacin farauta ya kama.