Mun kai naman layyarmu wajen masu suya, ga abin da na gani

A 'yan shekarun nan mata da yawa a Kano sun buɗe sana'ar karɓar aikin naman layya. Ka yanka ragonka, su soya maka, su yi maka dambu, su zuba a roba su kawo har gida. Tun kafin Zulhajji ya kama tallarsu take cika WhatsApp da Instagram. Babbar Sallar da ta wuce gidanmu ya gwada ɗaya daga cikinsu, wata baiwar Allah da ke aiki da 'yan mata a gidanta wajen Kabuga. Ciwon ƙafa ya matsa wa Hajiyarmu, ba ta iya daɗewa a bakin murhu, ga raguna uku, ga kason saniyar watanda da Yaya babba ya shiga.

A gidanmu kowa ya san aikinsa ba sai an faɗa masa ba. Baba ne ke yanka, bayan an sauko daga Idi kuma liman ya yanka nasa. Mahauci ya feɗe, samari su kwashi kai da ƙafa su tafi babbaka a ƙofar gida. Gwaggo ce mai wankin kayan ciki, ba ta yarda kowa ya taɓa mata naɗin hanji. Matan yayyena su yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ni in yi farfesu da zoɓo. Naman kuwa a rataye shi ya kwana ya tsane, washegari Hajiya ta zauna suya. Aikin wannan rana ta biyu shi muka fitar.

Abin da ya fara burge ni tsarinta ne. A gabanmu ta ɗora naman a sikeli, ta rubuta nauyinsa, ta manna sunan gidanmu a jikin kowace roba. Ta ce ba ta haɗa naman gida biyu a tukunya ɗaya, na kuma leƙa na ga tukwanen a jere, kowace da alamarta. Naman ibada ne, hankalin mutum ba ya kwanciya in yana zargin an musanya masa. Da Kawu ya ce a bar mata cinya ɗaya a rage kuɗin aiki, sai ta ce, "Alhaji, ai ba a biyan ladan aiki da naman layya. In kyauta ce wannan daban, amma aikina a biya ni da kuɗi." Gaskiyarta, haka malamai suke karantarwa, kuma daga nan na ƙara ganin girmanta.

Dambun kam sai dai a ce masha Allah. Ya daku sosai, laushi kamar auduga, babu jijiya ko ɗaya da za ta maƙale a haƙori. Citta da kanunfari da masoro sun kama jikinsa ba su yi yawa ba, kuma ta tsane man tas, ka damƙa a hannu ba ya barin maiƙo. Wanda ya taɓa tsayawa a kan turmi yana kirɓa dafaffen naman sa ya san wahalar da ta ɗauke mana. Har bayan Ashura muna ci bai canza ɗanɗano ba.

Soyayyen naman ne ban gamsu da shi ba. An yanka shi ƙanana ƙwarai, irin na shinkafar biki, alhali mu tsoka manya muke so, wadda za ka sa wa baƙo biyu a faranti ya san an karrama shi. Kuma da man gyaɗa ta soya. Hajiya da kitsen ragon kansa take suya, a hankali, har ruwan naman ya ƙone ya koma mai, shi ya sa nata yake da wani ƙamshi na daban. Kakiden da muke ajiyewa na miya da ɗumame bai dawo ba, sai da na kira na tambaya. Ta kuma yi alkawarin yammacin washegarin Sallah, kayan ba su iso ba sai rana ta uku ta Sallah, ranar da Sarkin Kano ya saba yin Hawan Nassarawa, dangin da suka zo daga Wudil suka koma da ɗanye.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba laifinta ba ne. Ranar suya ita ce ranar da tsakar gidanmu ke cika. Hajiya a kan kujera 'yar tsugunno da matsami a hannu, matan yayyena suna yanka suna hira, yara suna zagaye ana miƙa musu mai zafi a murfin kwano, 'yan mata suna kallon yadda ake gane naman ya soyu. A wurin na koya, a wurin ƙannena suka koya. Bana kowa yana ɗakinsa da waya, da la'asar Hajiya ta fito ta dubi murhu ta ce, "Yau kamar ba Sallah ba." Abincin daren ma a rarrabe aka ci.

Ga wadda ba ta da mataimaka, ko ma'aikaciyar da hutun kwana biyu kawai gare ta, wannan sana'a rahama ce, kuma matar tana da amana da tsafta. Mu dai mun yanke shawara baɗi in Allah ya kai mu dambu kaɗai za mu kai mata, suya ta dawo gida, Hajiya ta zauna a inuwa tana ba da umarni mu muna juyawa. In za ku kai naku, ku kama layi tun farkon wata, ku faɗi girman yankan da kuke so, ku ce da kitse za a soya, kuma a dawo muku da kakidenku.