Na ga Buddy Guy a mashayarsa ta Chicago

Ni ba mai shiga mashaya ba ne, kuma ban taɓa ɗanɗana giya ba. Abokin aikina ne, wani baƙar fatan Amurka da muka shafe shekaru muna aiki tare, ya dame ni da maganar cewa ba zai yiwu in zauna a Chicago ba tare da na ga Buddy Guy, shahararren makaɗin blues (wani tsohon salon kiɗan baƙar fatan Amurka), yana kaɗa jita ba. Ya ce tsohon ya kai shekara 87, in ban je bana ba, wa ya san baɗi. Haka na sa riguna uku a wani daren Janairun 2024, na bi shi titin Wabash, cikin sanyin da ke sa kunne ya daina ji.

Gidan nasa ne, sunansa Legends. Ya buɗe shi a 1989, ya dawo wannan ginin a 2010, kuma duk watan Janairu shi da kansa yake hawa dandamali dare bayan dare. Kujera ta wanda ya riga zuwa ce. Akwai masu zuwa tun da rana su kama tebur su yini a wurin. Mu da muka tashi aiki da yamma, tsayuwa muka yi a jikin wani ginshiƙi, laifinmu ne kuma. Na karɓi lemo da kifi soyayye irin na Louisiana, na ci a tsaye ina kallon jitocin manyan makaɗa da aka rataye a bango.

Wasu samari ne suka fara ɗumama wuri. Sun iya, amma irin iyawar yaron da ke son a san ya iya: yatsu na gudu, ƙara na tashi, zuciya ba ta motsa ba.

Sannan tsohon ya fito, da murmushi har kunne da jitarsa mai ɗigo-ɗigo. Abokina ya raɗa mini asalin ɗigon. Lokacin da zai bar Louisiana a 1957, ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin zai sayo mata mota Cadillac mai ɗigo-ɗigo in ya yi kuɗi. Ta rasu bai cika ba, shi ne ya mayar da ɗigon jikin jita. Ɗan manoman auduga ne daga wani ƙauye da ake kira Lettsworth, kuma jitarsa ta farko da wayar ragar taga ya haɗa ta. Ko da ya shiga kamfanin faifai na Chess yana kaɗa wa manyan mawaƙan blues irin su Muddy Waters, da rana motar janye motoci yake tuƙawa don ya ci abinci.

Abin da ya kama ni ba ƙara ba ce. Na zaci mutumin da mashahuran makaɗan jita irin su Jimi Hendrix da Eric Clapton suka ɗauki salo a wurinsa zai fasa mana kunne daga farko har ƙarshe. Ina! Sai ya ɗaga hannu, mai ganga ya sassauta, kowa ya sassauta, shi kuma ya rage sautin jita har ana jin ƙarar ƙanƙara a cikin kofuna. Ya kama tsirkiya ɗaya ya lanƙwasa ta a hankali, ya riƙe, ya riƙe, tana kuka kamar goge a hannun gwani da tsakar dare. Ɗaki cike da mutanen da suka sha suka ƙoshi, amma tsit. Sai da muka saki jiki, ya ɓarke da wata ƙara da ta sa na kusa zubar da lemona, ya kalle mu yana dariya kamar kakan da ya tsorata jikoki. Ya yi mana haka ya fi sau biyar, kuma duk da na san abin da ke tafe, kowane karo sai ya same ni.

Wanda ya je don a rera masa waƙa daga farko har ƙarshe kamar yadda take a faifai, ya sani ba haka tsohon yake yi ba. Zai ɗauko waƙa, ya kai tsakiya, ya tsaya ya ba da labarin ƙuruciyarsa, ya tsokani wani a layin gaba, ya kwaikwayi salon wani makaɗin da ya riga mu gidan gaskiya, sannan ya faɗa wata. Ni wannan bai zame mini baƙo ba, don haka makaɗanmu na gida suke yi a gidan biki, waƙa da hira a kwano ɗaya, jama'a su ne 'yan amshi. Bakinsa kuwa ba linzami, gara da ba a barin yara shiga da dare.

Ya kaɗa jitar da sandar ganga, ya goga ta da tawul, ya juya ta yana gurza ta a ƙirjinsa. Wannan wasa ne, na yi tafi, amma ba shi zan riƙa tunawa ba.

Can wajen ƙarshe ya sauko daga dandamali, jitar ba waya a jikinta, ya ratsa tsakanin tebura yana kaɗawa. Wani dogon mutum a gabana ya ɗaga wayarsa ya tare mini komai, kamar yadda ya yi tun farkon dare, har na fara haƙura. Sai ga tsohon ya biyo ta wajen ginshiƙinmu. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Na ga gumi a goshinsa, na ga fatar yatsunsa ta yamutse, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, amma da suka taɓa tsirkiya ba rawa ba kuskure. Ya wuce mu ya nufi wajen masu sayar da abin sha, jama'a na binsa kamar an ɗauko ango.

Da muka fito ƙafafuna sun yi tsami, kunnena na dama yana ta shuuu har washegari. A jirgin ƙasa abokina ya tambaye ni ko zan sake zuwa. Na ce masa in Allah ya kai mu wani Janairun, hutun rabin yini zan ɗauka, don a kan kujera nake son in ji wannan tsirkiya.