Sigiriya, Polonnaruwa ko Dambulla: wace za ka haɗa da kallon giwaye a yini ɗaya?

A tsakiyar Siri Lanka, kewayen garin Habarana, masu shirya yawon buɗe ido suna sayar da tafiyar yini guda: tsofaffin wuraren tarihi da safe, giwaye da yamma. Kafin ka biya, ka san abin da ƙafarka za ta iya ɗauka da kuma watan da za ka je.

Wadda aka fi saye ita ce ta Sigiriya. Dutse ne curarre mai tsayin kimanin mita 180, wanda Sarki Kashyapa ya gina fada a kansa a ƙarni na 5. Matakalarsa ta kai kusan 1,200. Kana hawa za ka wuce zanen mata a jikin dutse wanda launinsa bai gushe ba, sannan ka shiga tsakanin manyan dagin zaki biyu. Daga nan sai matakalar ƙarfe maƙale da dutse, iska na kaɗa rigarka. Ka fara da sassafe, don da hantsi ya dubi ludayi rana da cunkoso sun haɗu. Mai ciwon gwiwa ya haƙura da wannan.

Ga dattijo ko mai tafe da yara, ni Polonnaruwa nake zaɓa. Babban birni ne tun daga ƙarni na 11 zuwa na 13, shimfiɗe a fili, ana zaga shi a keke ko a mota. Can ne Gal Vihara yake, siffofin Buda da aka sassaƙa a jikin dutse ɗaya zamanin Sarki Parakramabahu na ɗaya. Birai kuwa ko'ina a kan kufan.

Dambulla kogunan dutse biyar ne masu siffofin Buda sama da 150, awa ɗaya da rabi ta isa. Wurin ibada ne har yau: a rufe kafaɗa da gwiwa, a cire takalmi. Riƙe safa, dutsen na ƙuna.

Inda ake yawan yin asara shi ne wajen giwayen. Gandun dajin Minneriya ya yi suna ne saboda tafkin da Sarki Mahasen ya gina a ƙarni na 3. Idan rani ya tsananta, daga Yuli zuwa Oktoba, ruwan kan ja baya, ɗanyar ciyawa ta fito, giwaye su taru ɗaruruwa, musamman a Agusta da Satumba. Bayan haka sukan koma wajen gandun dajin Kaudulla ko na Hurulu. Don haka kada ka sayi tafiyar da ta ɗaure ka da gandun daji ɗaya. Nemi wadda direba zai bi inda garken yake a ranar.

Ka tambaya ko kuɗin shiga wuraren da na motar daji suna cikin farashin, don sau da yawa daban ake biya. Tafiyar da ta cusa wurare uku da giwaye, ko wadda za ta taso daga birnin Kolombo, wajen awa huɗu a mota kowace fuska, gudu ce kawai. Kwana a Habarana ko Sigiriya ya fi.

Abin da ya fi damuna shi ne motocin da ke zagaye giwa da ɗanta har su tare musu hanyar ruwa. Tun kafin ku shiga, ka gaya wa direba ya tsaya nesa ya kashe inji. Idan kuma an saka hawan giwa a cikin tsarin, ka ce a cire.